A Tudu Aka Sa Shi Ko a Kwari?

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Kakana, mahaifin mahaifina, marinin ƙarshe a garinmu, ya rasu wata Talata da hantsi a tsakiyar marka. Tun kafin a naɗe tabarmin sadakar uku na gane cewa in ban zauna na faɗi wane ne shi ba, abin da zai rage a bakin mutane taurin kansa ne kawai, shi kuwa ya fi haka.

Duk macen da ta shigo mana gaisuwa, tsarin ɗaya ne. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Mu ce amin. Sai ta ɗan gyara mayafi, ta rage murya, ta yi tambayar da ke cinta tun daga hanya: "To, a tudu aka sa shi ko a kwari?" 'Yan gari sun san amsa, baƙin da suka zo daga Madobi da Garun Malam ne ke tambaya, amma labarin da ya haifi tambayar ba wanda bai sani ba. Tudu shi ne tudun karofi, inda ramukan rini suke, kuma shi kaɗai ne busasshen wuri da ya rage mana. Kwari shi ne makabartar gari, wadda ruwa ya cinye. Shekara da shekaru gari na roƙon Kaka ya ba da tudun a riƙa binne mutane, yana hanawa. Har matarsa ya hana.

Gwaggo, 'yarsa da ke aure a Madobi, tana kuka tana faɗa lokaci guda. "Baba ya wahalar da kansa, ya wahalar da mu. Allah dai ya yafe masa." Wata tsohuwa, sa'ar marigayiya kakata, ta tofar da goro ta ce, "Mutumin kirki ne, in dai ba ka taɓa masa rami ba." Ladanin da ya yi masa wanka ya aiko mana cewa ya cuɗa hannuwan nan har ya gaji, shunin bai fita ba, haka aka sa shi a likkafani. Daga bayan katanga kuma na ji wani matashi yana ce wa ɗan'uwansa yanzu dai an samu fili. Da ba zaman makoki muke ba, da ya ji bakina. Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, maƙwabciyarmu Kirista, 'yar Filato, matar mai gyaran injin ban-ruwa. Ta shigo da wani tsohon zane baƙi-ƙirin mai sheƙi, ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna har azahar.

Wanda bai san garinmu ba zai ce wace irin rigima ce wannan a kan tsibin ƙasa. Garin ƙarami ne, tsakanin Kura da Bunkure. Yamma da mu kogi. Gabas babban kanal, hanyar ruwan noman rani da aka gina da siminti tun mahaifina yana saurayi. Kudu wata magudana ce da ya kamata ta kwashe ragowar ruwan gonaki, amma ciyawar kacalla ta cushe ta, ruwan ba ya gaba ba ya baya. Arewa fadamun shinkafa har inda ido ya ƙare. Hanyar fita ɗaya tak, wata siririyar gada a kan kanal, wadda in amalanke ta hau sai mai babur ya tsaya ya jira. Ba mu raina ni'ima ba, tumatir da alkama da shinkafa sun kai mutane da yawa Makka. Sai dai ruwan da aka sako wa gona bai tsaya a gona ba, ya biyo ta ƙarƙashinmu. Katangu suna jiƙa daga tushe, kanwa na cin su. Rijiyar da a da Iya, kakata, ke zura wa doguwar igiya, yanzu da ƙwarya ake kamfata. A makabarta kuwa, da damina, kafin mai haƙa ya kai gwiwa ruwa ya tsattsafo.

Kaka yakan ce, "Garin nan daga rami ya fito." In ya fara, sai ka ajiye abin da kake yi, don ba ya taƙaitawa. Kakan kakansa ne, in ji shi, ya sauka a bakin kogin nan da jaki ɗaya da muciya. Ya ga baba, ganyen da ake samun shuni, yana fitowa da kansa a gaɓa, ga ruwa, ga itacen toka. Ya haƙa rami, ya shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye, ya jiƙa baba. Masaƙa suka ji labari suka biyo shi, don mai saƙa yana son marini a kusa. Mabuga, masu buga rinannen zane ya yi sheƙi, suka biyo masaƙa. Mai fura da mahauci suka biyo kowa, sannan aka kafa masallaci. Ya ce yana yaro, sai ka ji garin kafin ka gan shi, don ƙarar bugu tana kaiwa hayin kogi tun daga safiya. Buzaye kan sauke raƙumansu a gindin tsamiya su yi kwanaki suna jiran rawani da turkuɗi, ba sa karɓar wanda bai bar shuni a yatsa ba. Tudun ma, in ji shi, ba tarar da shi aka yi ba, tara shi aka yi. Duk ramin da ƙarfinsa ya ƙare, sai a kwashe katsin da ya kwanta a gindinsa, a ƙona wani don sabon haɗi, a zubar da saura a gefe. Uba ya zuba, ɗa ya zuba, jika ya zuba, har ƙasa ta ɗaga ta fi rufin gidaje.

Yadda abin ya mutu ba ya son ba da shi, a bakin Iya na ji. Atamfa da yadin kanti suka fara shigowa, sannan galurar gwangwani da ke rina riga kafin a gama hira. Da aka zo aikin ruwa aka sake yanka gonaki, inda ake noman baba ya koma alkama. 'Ya'yan marina suka ajiye muciya suka ɗauki fartanya, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. Ramuka suka cika da shara da kwaɗi ɗaya bayan ɗaya. Kaka ya riƙe guda, mafi tsufa, wanda yake kira Uwa, yana sayo busasshen baba daga kasuwar Kura in an samu.

Ni na dawo gidansa ne bayan rasuwar mijina, mahaifina kuma ya riga mu gidan gaskiya tun ina ƙarama. Sana'ata gumin shinkafa, abin da Kaka ya tsana a duniya. Kullum na ajiye masa kwano sai ya buɗe ya ce, "Amarya, yau ma shinkafar ce? Kun mai da mu tsuntsaye." In ce, "Ango mai hannun tsoratar da yara, in dawa kake so ka je ka shuka ta a cikin ramin naka." Ya yi dariya har ya ƙware, ya kuma cinye tas. Da safe in ya sha koko, sai ya ɗauki sandarsa ya hau tudu. Ya ɗage murfin zana, ya juya ramin da muciya, ya dangwali kumfar da yatsa ya ɗanɗana a harshe. Daga fuskarsa za ka san ko Uwa ta kwana lafiya. Yana da doka ɗaya, ba a zuwa bakin rami da fushi, wai shuni ba ya kama ƙyallen mai fushi. In ransa ya ɓaci sai ya zauna a gindin tsamiya har ya huce. Tunda kuwa Allah ya yi shi da saurin hawa, ya fi daɗewa a gindin tsamiyar fiye da bakin ramin.

Zanen nan da maƙwabciyarmu ta sako ranar gaisuwa, aikinsa ne. Shekarar da suka zo garin ba su da komai sai akwatin spana da tukunya. Kaka ya lura kullum zane ɗaya take shanyawa a kan danga, ya koɗe har ba a gane launinsa. Da Kirsimeti ya matso, ya sa Iya ta karɓo shi da dabara, wai za ta duba ɗinkin. Ya tsoma shi, ya shanya, ya sake tsomawa, ya yi ta yi har ya yi duhu. Ya ɗauko tsohon gungumen bugu ya buge shi da kansa, ƙarar da garin ya daɗe bai ji ba. Ya ce da Iya, "Ki mayar mata. Ki ce ba kyauta ba ce, kunya muka kankare wa kanmu. Baƙuwa ba ta zuwa idinta da koɗaɗɗen zane a garin marina." Matar ta zo godiya, ya ɓuya a bayan rumbu har ta tafi.

Wannan mutumin ne dai ya hana Iya tudu, kuma ba zan yi masa ado ba.

Iya, matarsa, kakata, ta rasu da damina, shekarar da wayar hannu ta fara shigowa Kura. An kwana ana ruwa. Masu haƙa suka je kwari, suka haƙa nan ruwa, suka matsa can ruwa. Sai ga Baffa, babban ɗan Kaka, wan mahaifina, ya dawo da taɓo har cinya. Ina tsaye a bayan ƙofar soro, komai a kunnena. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Baba, ka ba Iya wuri a tudu. Ɗan gefe kawai, can bayan ramukan da suka mutu."

Kaka ya ce, "In aka sa mutum ɗaya, ya zama makabarta. Ba a rini a kan kabari."

Baffa ya ce, "Baba, matarka ce."

Ya ce, "Na san ko wace ce."

Aka kai Iya kwari, wasu na kwashe ruwa da bokiti, wasu na shimfiɗa kara, aka sa ta cikin gaggawa kafin ya sake cika. Daga ranar Baffa bai ƙara zama a tabarmar mahaifinsa ba. Ya kwashe iyalinsa ya yi gini kusa da gada. Yana zuwa gaisuwa kowace safiya, ya durƙusa daga bakin ƙofa, "Baba, an tashi lafiya?" ya tashi ya tafi. Hatsin da yake aikowa bai taɓa yankewa ba, maganar ce ta yanke.

Abin da mutane suka manta shi ne, a bazarar shekarar wani Buzu ɗan kasuwa ya zo har tudu, ya ga aikin Kaka, ya ce zai dawo da farin ƙyalle mai yawa bayan damina, zai kuma riƙa zuwa duk shekara. Kaka ya gaskata. Har ya fara yashe ramuka biyu da suka mutu, yana cewa yaran gari za su dawo su koya, za a sake jin bugu. Da wannan buri a ransa ya ba Baffa amsar nan. Damina ta wuce, rani ya wuce, Buzu bai dawo ba, har yau.

Daga nan kowace damina sai an yi masa tawaga. Mai unguwa ya zo, Liman ya zo, dattawa su zo. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su goro, ya saurare su har ƙarshe, ya ce a'a. Aka yi ta binne mutane a ruwa. Masu hali kan ɗauki gawarsu a mota su haye gada su roƙi wuri a wani gari, marasa hali su kwashi bokiti. Aka daina gaishe shi da fara'a a masallaci. Ni kaina in na fita shanyar shinkafa a bakin titi, mata kan yi shiru in na iso.

Ranar da aka binne jaririn wata ƙawata, mijinta ya dawo yana kuka kamar mace saboda abin da ya gani, sai haƙurina ya ƙare. Na hau tudu ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Na tarar da shi yana juya Uwa. Na ce, "Tsoho, tsakaninka da Allah, rabonka da rina ko hular yaro tun yaushe? Ruwa kawai kake juyawa. Mutane na kwana a taɓo saboda ruwan da kake juyawa."

Na zaci zai ɗaga min sanda. Sai ya jingine muciya, ya rufe ramin, ya tafi gindin tsamiya ya zauna, ya nuna min gefensa. Ya ce, "Amarya, in na bayar yau, me zan ce da ita?"

Na ce, "Da wa?"

Ya ce, "Wadda ta tsufa tana tara min toka. Na hana ta, na ce saboda rini. Ga shi ba rinin. In na ba ɗan wani yau, ita fa? Ashe ba rini ne ya hana ba ke nan, ita ce ban ga ta isa ba. In na bayar na zalunce ta sau biyu. In na riƙe ina zaluntar gari. Gaya min wanne zan ɗauka, ke mai baki."

Na ce, "Iya ba ta da riƙo, kai ma ka sani."

Ya ce, "Ita ba ta da shi. Ni ke da shi."

Ranar na gane abin da yake yi kowace safiya. Muddin yana juya ramin nan yana ɗanɗanawa, akwai rini a garin, kuma amsar da ya ba Baffa tana da ƙafar tsayawa. Ranar da ya daina, ya hana matarsa busasshen kabari a banza. Gaba kura, baya sayaki. Gari ya zaci shi ya riƙe tudu, alhali tudun ne ya riƙe shi. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, don jaririn ƙawata bai san wannan lissafi ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci Kaka yakan bi ta kwari, ya naɗe wando, ya tsaya a gefen kabarin Iya da ya lotsa ya zama ɗan kududdufi, ya yi addu'a, ya dawo gida.

A farkon daminar da ya rasu ƙafafunsa suka fara ƙi. Hawan tudu da yake yi kafin koko ya huce, ya koma sai ya huta a hanya. Wata rana na kai masa fura can da rana tsaka. Ya sha kaɗan ya ajiye, ya ce, "Zauna, zan ba ki saƙo. Ranar da na faɗi, Baffanki zai haƙa min a nan. Na san shi, ni na haife shi. Kada ki bari. Ku kai ni kwari, gefenta. Ba zan kwanta a busasshe tana cikin ruwa ba. Tudun kuma daga ranar na gari ne, a sa kowa."

Na ce, "Me zai hana ka kira shi ka gaya masa da bakinka?"

Ya ce, "In na kira shi zai zo, ya durƙusa, ya ce to. Wannan 'to' ɗin nasa ce ba zan iya ji ba."

Na ce, "Wato ni ka ga ta ɗaukar dutse. Mace, a ranar gawa, in tare maza da magana?"

Ya ce, "Duk gidan nan wa ya kai ki rashin kunya?" Muka yi dariya, na sauko tudun nan da saƙon a wuyana.

Ranar Talatar an wayi gari da ruwa. Ya sha koko, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin a ɗauke. Da na leƙa in ce masa an ɗauke, ya riga ya tafi, hannunsa ɗaya a kan sandarsa. Aka kira Baffa a waya. Ya zo, ya rufe masa ido, ya ja mayafi, ya tsaya a kansa jim, ya fita. Gida ya cika da mata. Ni kuwa kaina ya ɗauke, ina zaune kamar ba ni ba. Sai da na ji wata tana cewa ai an kusa gama haƙa, a tudu, kusa da babban ramin, ƙasa a bushe ƙarau, sannan na dawo hayyacina. Na aika a kira min Baffa.

Ya shigo soro tare da Liman, ni ina daga bakin ƙofar cikin gida. Ya naɗe hannun riga, da kansa ya yi haƙan. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, akwai saƙo a wuyana." Na faɗa masa kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya ce, "Wa ya ji ya faɗa?"

Na ce, "Ni ce. Sai Allah."

Ya ce, "Ke kin ga yadda aka sa Iya? Ba ki gani ba, ba kwa zuwa. Ni na shiga na karɓe ta. Ina kwantar da ita ruwa na bin likkafanin, na sa hannu na tare kanta har aka jera itace. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara sa nawa a ruwa ba. Mutane za su ce ramuwa nake so in yi. Ba ramuwa ba ce. Ubana ne."

Ban taɓa jin Baffa ya yi magana mai tsawon wannan ba. Da na ga dama da na yi shiru, don gaskiyarsa ta fi ƙarfina. Amma na ce, "Baffa, ya ce ba zai kwanta a busasshe tana cikin ruwa ba. Shekarun nan duka abin da yake ɗauke da shi ke nan. In ka sa shi a tudu, ka mayar da shi inda ya kasa fita."

Liman ya gyara murya ya ce wasiyya irin wannan ba ta zama dole in za a cutar da gawa, amma cika ta alheri ne in da hali. Ya ce, "Kai ne babba, Alhaji. Rana tana yi."

Baffa ya sunkuyar da kai. Hannuwansa yake kallo. Ƙasar da ke kusa da Uwa ta sha shuni tun zamanin kakanni, ga danshin ruwan safe, sai ta rina masa tafin hannu da farce, shuɗi mai duhu, irin na mahaifinsa sak. Ya juya su, ya sake juyawa. Can ya ce, ba da ni ba, ba da Liman ba, "Iya takan zuba katsi a gindin bangon ɗakinta in damina ta yi. Yana shanye ruwa." Ya ɗaga kai ya ce da Liman, "A nemo kwanduna da buhuna, duk abin da aka samu."

Abin da ya biyo baya na ga rabinsa ta kafar ƙofa, rabin kuma ɗan Baffa ya ba ni. Hanyar tudu zuwa kwari ta ƙofar gidanmu ta bi. Maza suka jeru, dattawa da matasa, har da matashin da daga baya ya ce an samu fili, har da mijin maƙwabciyarmu, kowa da kwando ko buhun taki a ka, suna ɗibar ƙasar da aka tono daga kabarin tudu. A kwari aka haƙa gefen Iya. Ruwa ya tsattsafo kamar kullum. Aka kwashe, aka zuba ƙasar tudu, aka daddaɓe, ta jiƙe, aka ƙara, aka daddaɓe, aka yi ta yi har ƙasan ramin ya tsaya a bushe. Baffa ya shiga ya karɓi mahaifinsa ya kwantar da shi. Da aka rufe, ƙasa ta yi saura da yawa. Bai ce da kowa ya taya shi ba. Ya ɗauki kwando ya juye a kan kabarin Iya da ya lotsa, ya ɗauki wani ya juye, yana gyarawa da hannu, har ya cike kududdufin, kabarin ya taso daidai da na mijinta.

To, ga amsar da na yi ta ba matan da suka tambaya. A kwari aka sa shi, gefen matarsa, amma a kan ƙasar tudu, kuma ita ma ta samu rabonta.

Tudun yanzu makabarta ce. Kabarin da Baffa ya fara haƙawa bai kai ƙarshen damina a buɗe ba, wata tsohuwa daga unguwar masaƙa ta shiga, a bushe. An cike matattun ramukan. Uwa ce Baffa ya ce a bar ta a rufe da zanarta har shuninta ya mutu da kansa, ba wanda ya yi masa musu. Ba a ƙara rini a garinmu ba, kuma ba na jin za a ƙara. Kanal na nan, kacalla na nan, gadar ma ɗaya ce har yanzu.

Da yammacin ranar jana'izar, bayan mutane sun ragu, Baffa ya shigo cikin gida. Bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya wuce ya zauna a kan tabarmar Kaka, inda rabonsa da zama tun rasuwar Iya. Na kawo masa ruwa a buta da sabulu, ina zuba masa yana cuɗawa. Taɓon ya fita, shunin ya ƙi. Na ce bari in ɗauko toka. Ya kalli hannuwan ya ce, "Bar shi."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa abin da ya riƙe da abin da ya riƙe shi. Ya jiƙan Iya, ya yalwata musu makwanci. Mu da muka rage tsakanin kogi da kanal, Allah ya sa mu cika da kyau.